Kakanmu Bai Taɓa Zuwa Tambutu Ba

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a saurare ni tukuna kafin a yanke min hukunci.

Ni ɗan Limawa ne a Dutse, sunan gidanmu Tambutu. Tun muna yara ake gaya mana kakan babanmu babban malami ne da ya taso daga birnin Tambutu da raƙumi ɗauke da littattafai. Bana Baffa, yayan babanmu, ya gina Islamiyya zai sa mata sunan kakan nan namu, ya ce tunda na karanta tarihi in binciko asalin mutumin. Na yi ta yawo har aka kwatanta min wata tsohuwa a Buji, Iya Dije, wadda ta san shi tana yarinya. Ina faɗar sunan ta kama dariya har da tari. Ta ce, "Ɗan nan, daga wajen Damagaram ya zo shekarar yunwa, ko takalmi babu. Haƙar rijiya yake yi. Kullum cewa yake in ya haɗa guzuri zai tafi Tambutu karatu, shi ya sa aka laƙaba masa sunan Tambutu. Har ya rasu bai wuce Kano ba." Ta sa aka nuna min rijiyarsa, har yau ana sha.

Na dawo na tarar da dangi cike da zaure. Baffa ya dube ni ya ce, "To Malam, an tabbatar?" Wallahi bakina ne ya kuɓuce, na ce, "An tabbatar, Baffa." Ya yi kabbara, har da hawaye. Ta yaya zan kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa? Amma abin da ke ci min rai, ni ban ga abin kunya ba! Mutum ya zo da yunwa, ya shayar da gari, ya mutu yana son karatu, sai mun yi masa ƙarya zai zama kakanmu?

Yanzu Baffa, da ya ji wurin wadda na samo labarin, ya ce ranar Juma'a in raka shi Buji, zai ɗauko Iya Dije ta ba da tarihin da bakinta a taron buɗe makaranta. Ita kuwa ba ta ɓoye komai. Na ce masa ba ta da lafiya, ya ce ai sai mu je dubiya.

In same shi shi kaɗai in faɗa masa, ko in bari ya ji a Buji? Jama'a, me zan yi?