Tutar Macijin da Na Riƙe

Birnin Savannah, 1783

Matata Dinah,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ɗanmu Cato ya yi wayo? Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓin gonar shinkafa.

Kin tuna ranar da maigida ya tura ni yaƙin neman 'yancin ƙasar nan a madadinsa? "Je ka, Quash, kana dawowa zan 'yanta ka." Ni na riƙe tutarmu mai maciji, mai rubutun "Kada ka taka ni." Wallahi na ɗauka har da ni ake nufi. Da na dawo, a bakin ƙofa ya karɓe tutar, ya sayar da ni kafin in gan ki.

Idan ya rataye ta, ki gaya wa Cato ubansa ne ya riƙe ta. Rubutun dai kada kowa ya karanta masa.

Mijinki,
Quash