Bijimina Yana Hayin Iyaka

Malam, don Allah a taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ina da bijimi baƙi mai farin goshi, Goshi nake ce mishi. Tun yana maraƙi nake kai shi tafkin Madarumfa shan ruwa. In na yi fito sai ya ɗaga kai ya taho, ko cikin garken wa yake. Da kaka aka kwance shi daga turke. Na bi sawu har ya shige Najeriya.

Jandarman ƙasarmu sun rubuta maganata, suka ce ikonsu ya ƙare a dutsen iyaka. Ƴan sandan can kuma suka ce ba a ƙasarsu aka yi satar ba. Ban yi musu da kowa ba, na dawo.

To Malam, na gan shi. Yana wani ƙauye wajen Jibiya, hannun wani dattijo, wai a kasuwa ya saya. Da la'asar yakan sake shi kiwo a fadama, ni kuwa ina gindin gawo a gefenmu ina kallo. Kunnenshi da ƙaya ta taɓa tsagawa har ya warke. Balbelu na tashi daga bayanshi su sauka gonakinmu, ba mai tambayarsu takarda. Wani lokaci sai in ga kamar muna tafe gida tare, Inna ta fito da dussa. Sai in ankara leɓena a tsuke, ban busa ba.

Damina ta kusa, garma na jingine. In na tsaya a ƙasarmu na yi fito, ya taho da ƙafarshi, na yi sata?

Mai jiran Goshi, Madarumfa

Ɗana, sannu da haƙuri. Jandarma da ƴan sanda ba su yi maka ƙarya ba, kowa da inda hannunsa ya tsaya. Bijimi naka ne, amma wataƙila dattijon nan da zuciya ɗaya ya saya. In ka janye shi a ɓoye, gobe kai ne ɓarawo a Jibiya, kasuwar can ma sai ta gagare ka shiga.

Karɓi takardar shaida wurin jandarma. Roƙi sarkinku ya haɗa ka da manzo zuwa wurin hakimin can, domin sarakuna na gaisawa ta inda masu kaki ba sa ƙetarawa. Tafi da maƙwabtan da suka san kunnen nan. Dattijo kuma a taya shi neman wanda ya sayar masa. Kada ka ja lokaci, dabbar da ake magana a kanta saurin hawa motar kudu take yi.

Fiton nan kuwa adana shi. Shi ne babban mai shaidarka. Ka busa shi da rana tsaka a ƙofar hakimi, jama'a na kallo.

Allah Ya sa ruwan farko ya same ku a gona, kai da Goshi.