Akwatin Baba Ya Buɗu

Yaya,

Ka kira mai walda ka ce ya sha zamansa, babu mai fasa akwatin marigayi Baba. Bayan fitarka na gwada wayoyin nan biyu da na lanƙwasa na goge, waɗanda kake kira wasan yara. Na ɗaga ƙarafan cikin makullin ɗaya bayan ɗaya, a na biyar ya buɗe. Shekara bakwai babu mabuɗi, ga shi ko ƙwarzane ban yi masa ba.

Ka yi haƙuri da laimarka, haƙarƙarinta biyu na zare.

Na makara, na wuce aiki. Ban ɗaga murfin ba, na kasa ni kaɗai. Ka jira ni mu gani tare.

Autarku