Sunan Lorna a Bangon Littafi

Lahadi, 7 ga Nuwamba, 2021
Lorna ta shigo ofis yau da bandeji a wuyan hannun dama, hannun da take zane da shi. Sai da na matsa mata kafin ta faɗa. Jiya da la'asar a bakin wani kanti a unguwar Bin Omran, nan ƙasar Larabawan da muke aiki, wani ƙato ya fizge mata takunkumin fuska, ya ce mata "Korona", ya hankaɗa ta ta faɗi. Mutane na tsaye suna kallo. Mai kantin ne ya miƙo mata ruwa, shi ke nan.

'Yar Filifin ce ma, ba 'yar China ba. To ko can ɗin ta fito, sai me?

Wata da watanni tana zana hotunan Tattabarun Inna, littafina na farko, na yara. Ta ishe ni da tambaya: yaya ake ɗaura zane, ina ake rataye tukwanen tattabaru. Har tsagar kumatun Inna ta sa. Raina ya ɓaci yau ƙwarai.

Talata, 9 ga Nuwamba
Rashad, manajan kamfaninmu na buga littattafai, ya kira ni ya rufe ƙofa. Wai wani babban mai sayen littattafanmu ya ce iyaye na ɗari-ɗari da sunayen "mutanen can". Don haka a bango za a sa L. T. kawai maimakon Lorna Tiongson, kuma ranar ƙaddamarwa ta zauna a gida. Wai don tsaron lafiyarta ne. Ya faɗa yana gyara zaman agogonsa.

Na ce, an ture ta a titi, mu kuma mu ture ta daga bango? Ya ce, Asabe, littattafan Disamba sun yi yawa, ɗaya zai iya jira.

Na gane. Na tashi na fito. Na riga na gaya wa Inna da duk dangi a Katsina cewa Disamba ne.

Laraba, 10 ga Nuwamba
Ban iya kallon teburinta ba.

Juma'a, 12 ga Nuwamba
Na gayyace ta gida cin tuwo bayan sallar Juma'a, ko ta ɗan sake. Da na sani.

Mijina Haladu yana falo da Sagiru, abokinsa Bagobiri, sun yi nisa a wasan nan nasu. Mijina na ce masa bawana, shi yana cewa Katsinawa ba su iya komai ba sai cika baki. Lorna na shigowa Haladu ya yi wuf ya ɗauko sanitaiza, ya fesa wa kujerar da za ta zauna, ya ja baya yana ɗaga hannu: "Korona ta zo, khalas, shi ke nan, mun mutu!"

Falo ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, irin ta baki kawai. Ni ma na yi, Allah ya sani, kafin in ankara dariyar ta kuɓuce min.

Loma kaɗan ta ci da hagu, ta ce tana da aiki. Da na fito raka ta, wayata na hannun Sagiru yana kallon hotunan littafin, sai ga saƙonta na ɗazu a sama. Ya karanta sunan da na ajiye ta da shi, "'Yar China Mai Zane", ya ƙara tuntsirewa. Ban sani ba ko ta ji.

Asabar, 13 ga Nuwamba
Mun yi da Haladu. Shi fa har zuciyarsa bai ga laifi ba. Ya ce duk wanda ya tsokana ya ɗauke shi ɗan gida ne, baƙo ake yi wa kara. Ya ce ko ban ga abin da yake yi wa Sagiru ba?

Na ce Sagiru yana ramawa. Tun kakanninsu suke ramawa, kowa ya san iyakarsa, kuma ba wanda ya taɓa kayar da Sagiru a titi yana kiransa Bagobiri. Ita da me za ta rama? A gidanka take, tuwonka ne a gabanta.

Ya ce ni ma ai na yi dariya. Gaskiya ne kuma, na yi.

Lahadi, 14 ga Nuwamba
Da kanta ta gyara bangon ta tura wa Rashad. L. T., ƙanana, can ƙasa kusa da ƙafar tattabara. Sunana kuwa ɓaro-ɓaro a sama.

Na same ta wurin shan shayi na fara kame-kame, wai haka muke wasa a ƙasarmu, alamar ƙauna ce. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Na sani mijinki mutumin kirki ne," ta ce. "Kalmar ce dai iri ɗaya da ta mutumin Bin Omran."

Talata, 16 ga Nuwamba
Inna ta kira. Ta ce a ajiye mata kwafi na farko, za ta kai wa maƙwabta su ga tattabarunta. Na ce to.

Laraba, 17 ga Nuwamba
Na shiga wurin Rashad ban ƙwanƙwasa ba, don in na tsaya ƙwanƙwasawa zan fasa. Na ce in L. T. ne a ƙasa, to nawa sunan ma A. H. ne a sama. In ba za ta hau dandamali ba, ni ma ina gida. Na san da "marubuciya daga Nijeriya" yake tallan littafin, shi ma ya san na sani.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce yalla, wato in je, zai yi tunani. Na koma kujerata.

Alhamis, 18 ga Nuwamba
An cire mu daga na Disamba. Ba a sa wata rana ba. "In sha Allahu bayan azumi," in ji shi, irin in sha Allahun da kowa ya sani.

Na zaci Lorna za ta rungume ni. Ina! Fushi ta yi. Ta ce ita ma guminta ne a littafin nan, tana so ya fito ko da rabin suna ne, don da shi za ta nemi aiki a wani wurin. Ta ce kowa yana yanke abin da ya dace da ita, Rashad ya yanke, ni ma na yanke, ba wanda ya tambaye ta.

Gaskiyarta. Na yi kuka a bayi, na wanke fuska, na dawo gyaran rubutun wani.

Asabar, 20 ga Nuwamba
Haladu ya ce in kai shi ya ba ta haƙuri. Mun same ta a wani wurin shan gahawa a kasuwar Souq Waqif. Mutumin nawa ya zo da dabararsa: wai zai koya mata duk abin da ake tsokanar Katsinawa da shi, ta riƙa rama masa son ranta, sun zama abokan wasa. Ta yi murmushi, na gaske wannan karon, ta girgiza kai.

"Ba na son ramawa, Malam Haladu. Ka kira ni Lorna kawai."

Ya ce to, Lorna. Bai ƙara tsokanar kowa ba har muka iso gida, abin da ban taɓa gani ba.

Litinin, 22 ga Nuwamba
Na gaya wa Inna an ɗaga. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ba ta tambayi dalili ba. Har yanzu ban san ko littafin zai fito ba.

Na tambayi Lorna me take so mu yi. Ta ce in ba ta kwana biyu. Na ce duk abin da ta ce, ko da L. T. ɗin ne, zan koma wurin Rashad in haɗiye maganata. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, sannan ta miƙo min kwalbar man zafi in buɗe mata, hannun bai gama warkewa ba.

Da yamma saƙonta ya shigo, na ga abin da ke rubuce a saman wayata. Na goge, na sa Lorna Tiongson. Ba wani abu ba ne, zai fi sauƙin nema.