Ragon da Ya Ƙi Harawa

Zuwa ga Yayana Alhaji Lawal,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga Daura, mai ƙamshi kamar ƙasar da ta sha ruwan fari. Yaya ƙarfin jiki, yaya su Hajiya da yara? Ka gafarce ni da na katse maka hidima.

Ƙaninmu Sabi'u ya sayo rago a kasuwar Mai'adua, zai sake shi cikin tumakin da marigayi Baba ya bar mana, domin barbara. Dillali ya rantse ciyawa kaɗai ta gina shi. Na zuba masa harawa, ya shinshina ya kau da kai. Har na rera masa:

Rago mai sheƙi, wa ya san kakanka?
Ka ƙi harawa, me aka zuba a cikinka?

Ina zargin allurar ƙiba da abincin buhu. Tumakinmu kuwa gona ke ciyar da su, takinsu ke ciyar da gona, suna ƙetare rani ba magani. In jininsa ya shiga garken, ba mai fitar da shi.

Sabi'u ya ce, "Yaya, har rago kake wa hassada?" Sai na ɗaure ragon a bayan rumbu.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ka aiko amsa a rubuce da gaggawa, ko a saki ragon cikin garke ko a'a, domin igiyar nan ba za ta kwance ba sai na ga rubutun hannunka.

Ƙaninka,
Malam Haruna