Rabin Taken Baba Labbo

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina neman afuwarka da na ɗauki biro na rubuta maka. Na san wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a ake yi masa, ba wasiƙa ba, kuma ina yi maka kullum. Na san kuma ko kana raye ba za ka karanta ba, sai dai ka miƙo mini takardar ka ce in karanta maka a hankali. Amma abin da ya same ni ban iya faɗa wa kowa a gida ba, kai kaɗai za ka gane nauyinsa.

Ka yi haƙuri kuma, ba kai kaɗai za ka ji ba. Na roƙi Yaya Asma'u ta sa wannan a shafinta na intanet, kuma za ka ga dalili.

Kaka, Baba Labbo ba shi da lafiya. Abokinka mahauci, mai rumfar farko idan an shigo layin 'yan nama. Tun bayan damina ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita sosai. Matarsa Inna Kulu ta zo gidanmu ta ce akwai kalma ɗaya da yake ta ƙoƙarin faɗi, sai da ƙyar suka gane cewa yake yi, "kiɗina." Takensa yake son ji, wanda kake kaɗa masa da kalangu kowace Talata idan ya kayar da sa. Ta ce duk gidan nan ni ce na fi zama kusa da kai, don haka ni ake nema.

Ba ta yi ƙarya ba. Ni ce mai riƙe maka gula, sandar kiɗinka, idan kana ɗaure tsarkiyar kalangu a zaure. Ni ce kake tsokana da "Uwargida, yau ma ba tuwo?" har in ruga in ɓuya bayan Mama. Ranar kasuwa kana fita da sassafe ka bi rumfa rumfa, kowane mahauci da nasa take, ba ka haɗa na wani da na wani. Ina bayanka da ɗan kwano. Idan ka tsaya a gaban Baba Labbo, ajiye wuƙa yake yi ya ɗaga hannu sama, sannan ya yanko tsoka mai kyau ya jefa a kwanona. Mutanen Maradun da Bakura da suka zo cin kasuwa, da jin kiɗin sun san yau Labbo ya yanka.

Ka tuna shekarar da aka kafa kwanon setalayit a tukubar mai tsire ta bakin tasha? Tashar talabijin ɗin nan da ba ta labarai, ba ta wasan kwaikwayo, waƙa kawai daga safe har yamma, samari da 'yan mata suna rawa a gaban motoci da furanni. Bayan nan kwano ya hau rufin mai aski, ya hau na maƙwabta, ya hau namu. Samarin mahauta suka rataya sifika a rumfa. Ba wanda ya kore ka, daina juyowa kawai aka yi idan ka tsaya.

Ban taɓa jin ka zagi akwatin ba. Har zama kake yi da mu ka kalla, kana kaɗa ƙafa. Wata rana aka gama wata waƙa da muke so, sai ka ce, "Uwargida, yaran ga sun iya rawa, amma ba su san sunan kowa ba." Dariya na yi a lokacin. Ina aji biyar na firamare, ban san me kake nufi ba.

To, ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwan Inna Kulu na tafi gidan Baba Labbo. A hanya ban damu ba ko kaɗan, gani nake abin da na ji tun ina goye ba zai ɓace mini ba. Na same shi kwance a kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Jikokinsa suna kallon tashar waƙoƙi a ɗakin, Inna Kulu ta sa aka kashe. Ta kife mini ƙwarya a gabana, tunda kalangunka fatarsa ta tsage, kuma ko lafiyarsa ƙalau ba a san mace da shi ba. Baba Labbo ya juyo da idonsa ya zuba mini.

Na sa hannu a kan ƙwarya. Kaka, abin da ya fito ba naka ba ne. Kiɗin waƙar da aka kashe yanzun nan ne, wadda ake yayi, wadda na iya daga farko har ƙarshe ba tare da na taɓa zama na koya ba. Yaran suka gane ta nan take, ƙaramar cikinsu ta miƙe ta fara rawa, sauran suka fashe da dariya. Na tsaya, na sake gwadawa, wata waƙar ce ta sake fitowa. Na laluba kaina ko'ina, na tarar da waƙoƙi cike fal, har da kalar rigar da kowace mai rawa ta sa, amma naka babu.

Baba Labbo bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Idonsa kawai ya mayar ga bango. Inna Kulu ta ce ba komai, yarinya ce, Allah ya yi mini albarka. Har ta ba ni kilishi in kai gida. Ban san yadda na fito daga gidan ba, hijabina na ja na rufe fuska har ƙofarmu.

Na tambayi Babana ko ya san taken, da ya dawo daga gonar albasa a Bakolori, ba tare da na gaya masa abin da ya faru ba. Ya ce shi tun yana yaro gona ya bi, ya san ana yi amma bai riƙe ba. Mama kuwa ka san gidan malamai ta fito, ba ta taɓa hana ni zama kusa da kai ba, amma kiɗa ba abin da za ta ajiye a ka ba ne.

Ranar Talata aka aike ni sayen nama. Ban so bi ta rumfar Baba Labbo ba, amma a can muke saye. Ɗansa Bala ne a wurin yanzu, sifika tana ta ihu a saman kansa. Ina tsaye ina jira ya ɗauko gatari ya fara sara ƙashi a kan kututture. Sara biyu a jere, ya ɗan dakata, sannan uku da sauri. Ya sake, haka dai. Nan take na gane bugun. Shi bai san yana yi ba, hira ma yake da wani. A kusa da ubansa ya koyi sara, ubansa kuwa da kiɗinka yake sara. Ina jin haka sai kalmomin suka dawo bakina da kansu: "Labbo na Kulu, ba ka yanka ramamme."

Ko gida ban kai naman ba, na wuce wurin Baba Labbo. Na kife ƙwarya da kaina na kaɗa, ina faɗin kalmomin a hankali don kunya. Kaka, hannunsa mai lafiya ya ɗaga, kamar yadda yake yi maka. Bai kai sama ba, amma ya ɗaga.

Sai na kai inda na sani na tsaya. Shi bai tsaya ba. Yatsunsa suka ci gaba da bugun tabarma, suka yi wani zagaye mai tsawo da ban san shi ba, sannan ya dube ni yana jira. Ashe rabi na kawo masa. Bakinsa ya motsa yana son ba ni sauran, ba abin da ya fito. Inna Kulu ta ce ita daga cikin gida take jiyo kiɗin, ba ta taɓa sanin abin da kalangun yake cewa ba.

Yanzu kullum bayan Islamiyya ina biyawa. Ina zama in kalli yatsunsa, kuma na fara kama bugun rabin na biyu. Kalmomin ne babu. Shi ya sa na yarda a sa wannan inda mutane za su gani, duk da nauyin da nake ji. Wataƙila a Maradun, ko Bakura, ko Dosara, akwai tsohon da ya ci kasuwar Mafara a zamaninka, wanda ya san abin da ke biye da "ramamme." Jikin Baba Labbo ba ya yin sauƙi, Kaka. Ina tsoron kada ya iso wurinka da rabi.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na daina kallon tashar ba. Ina kallo, wasu waƙoƙin har yanzu suna yi mini daɗi. Sai dai yanzu idan an gama, maganarka nake ji. A duk waƙoƙin nan babu wadda za ta sa tsoho marar lafiya ya ɗaga hannu, domin babu wadda ta san shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya ba Baba Labbo sauƙi, ya ara masa kwana har in cika masa abinsa.

Idan na samo sauran, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubuto maka. Ba zan tsawaita kamar yau ba. Layi ɗaya ne kawai, don ka ji ko daidai na faɗa.

Jikarka,
Hafsatu, wadda har yanzu ba ta yi maka tuwon ba.