Rediyo da Turmin Hadiza

Magariya, daren Laraba, 1976

Yau na kama mai kashe mini rediyo! Tun bayan Sallah take ɗaukewa ana tsakiyar labarai, ta dawo don kanta. Na sake batir, a banza. Maƙwabcina Baba Ilu har cewa ya yi, "Ɗana, aljana ce, kai ta wurin malam."

Da la'asar na lura, duk sanda matata Hadiza ta saukar da taɓarya a bayan ɗaki, sai rediyo ta yi shiru. Ashe girgizar daka ke gusar da batir. Na tokare shi da guntun kara, na ce, "Hadiza, daka da ƙarfi!" Ta yi ta daka, rediyo ko gezau, ba ta ɗauke ba.

Ni kaɗai na gano, ba mai gyara, ba malam.

Hadiza ta leƙo tana dariya: "Maigida, aljanar taka dai ita ke ba ka tuwo."